A Ceci Tsofaffin Irin Shinkafarmu Kafin Su Ƙare

Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili domin in yi magana da 'yan'uwana manoma da 'yan kasuwa, da kuma hukumomin da abin ya shafa, a kan wani al'amari da na ga ana ta wuce shi ba a kula ba, wato maganar irin shinkafa.

Kowa ya san halin da ƙasar Birnin Gwari ta shiga na shekara da shekaru, inda 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka, suka ƙone rumbuna, suka hana jama'a zuwa gona sai wanda ya biya kuɗin da suka yanka masa. A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari aka yi maganar sulhu, aka sake buɗe kasuwar kara wadda ta daɗe a rufe, kuma a daminar 2025 mutane da dama sun koma gonakin da suka bari. Ana ta lissafin abin da aka yi hasara, rayuka da shanu da gidaje da kuɗin fansa. Amma akwai wata hasarar da ban ji mai lissafa ta ba. Mutumin da ya gudu da dare da yara a hannu ba ya tsayawa ɗaukar damin iri. Wanda ya samu ya fita da 'yan tiyoyi kuwa, da yunwa ta matsa a wurin gudun hijira, casa su aka yi aka ci. Shi kuma irin shinkafa ba tukunya ba ne da za ka binne ka dawo bayan shekara biyar ka tarar da shi lafiya, domin a irin ajiyarmu ta rumbu da buhu, in ya wuce shekara ɗaya zuwa biyu tsirarsa sai ta yi ta raguwa har ta mutu. Saboda haka duk irin da aka yi damina uku ko huɗu ba a shuka shi a gari ba, to ya bar garin ke nan, sai fa in wani ya tsira da shi a wani wuri.

Da aka dawo, kowa kasuwa ya nufa neman iri. Abin da ke kasuwa kuwa shi ne abin da masu injin casa suke so. In ka zagaya fadamu a yanzu za ka ga kusan kowa abu ɗaya ya shuka, tsawo ɗaya, launi ɗaya, ranar nuna ɗaya. Ido yana jin daɗin ganin haka. Ni kuwa abin tsoro yake ba ni, kuma zan faɗi dalili.

Da farko kada wani ya ɗauka ina ƙin irin zamani ne. Ina noma shi, ina kuma saye da sayar da shanshera a 'yar tiredata, na san wadda take fita da wuri. Irin nan da muke kira Sipi, wanda malaman gona suke kira FARO 44, ya yi wa talaka rana. Asalinsa daga ƙasar Taiwan aka kawo shi, aka gwada shi a nan, aka sake shi ga manoma a farkon shekarun 1990, kuma sunan Sipi ɗin daga lambar da ya zo da ita aka samo shi. Bai cika tsawo ba, ba ya saurin kwanciya in an ba shi taki, ba ya kai wata huɗu cur a gona, ƙwayarsa doguwa ce siririya irin wadda mutanen birni suke so saboda ta yi kama da 'yar waje. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa bashi a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, sa'annan aka rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, manyan injinan casa suka yawaita a Kano da Kebbi da sauran wurare. Injin kuwa ba ya son gauraye. In ƙwaya ɗaya doguwa ce ɗaya gajera, ɗaya mai kauri ɗaya siririya, sai ya karya rabi ya mayar tsaki. Don haka dillalin kamfani in ya zo sai ya dumbuzi shanshera ya murza a tafin hannu, in ya ga ja a ciki ko gajera sai ya rage kuɗi ko ya wuce gaba. Manomi ba wawa ba ne, abin da ake saye shi zai shuka. Ta haka kasuwa ta zaɓar mana iri ba tare da an yi shawara da mu ba.

To amma ina shi irin zamanin yake fitowa? Wannan ita ce tambayar da nake so 'yan'uwana su tsaya su yi tunani a kai, domin da yawa daga cikinmu muna zaton a cikin kwalba Turawa suke haɗa shi kamar maganin asibiti. Ba haka ba ne. Kowane irin zamani yana da uwa yana da uba, kuma in ka bi salsalarsa za ka tarar daga gonar wani talaka aka ɗauko kakanninsa. Abin da masana suke yi shi ne aure. Ita shinkafa, furenta ɗaya yana ɗauke da namiji da mace, kanta take yi wa barbara, shi ya sa in ka shuka Sipi kake girbe Sipi, ba kamar masarar kamfani ba wadda sai ka sake saye kowace shekara. Mai binciken sai ya zo da ɗan almakashi da hantsaki ya buɗe furen kafin ya buɗe da kansa, ya cire 'yan sandunan namiji guda 6 da ke ciki, ya kawo garin furen wata shinkafar ya zuba, ya rufe da 'yar takarda. 'Ya'yan farko duk kamarsu ɗaya. Amma in aka sake shuka su, jikoki sai su fito kala-kala, wannan ya biyo uwa a tsawo ya biyo uba a ƙwaya, wancan ya ɗauko rashin kirkin duka biyun. Daga nan aikin zaɓe ya fara. Cikin dubbai sai a ware 'yan kaɗan, a sake shukawa, a sake warewa, har sau shida ko bakwai kafin halinsu ya zauna wuri ɗaya, sa'annan a kai su gwaji jihohi daban-daban. Kafin iri ɗaya ya samu suna da lamba yakan ci shekara goma ko kusa da haka. A ƙasar nan cibiyar binciken hatsi da ke Badeggi kusa da Bida a Jihar Neja ita ke da alhakin shinkafa, kuma tun 1953 ake aikin shinkafa a wurin.

Abin lura a nan shi ne, mai zaɓe ba ya ƙirƙirar hali, sai dai ya tsinto wanda Allah ya riga ya ajiye a jikin wata shinkafar. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In babu uwa mai jure ambaliya, ba za a samu 'ya mai jure ambaliya ba, ko da an tara masu digiri ɗari.

Ga misali. A 1966 cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke ƙasar Filifin ta fitar da wani iri mai suna IR8, wanda ya ninka amfanin gona a ƙasashen Asiya har aka riƙa kiransa shinkafar mamaki. Iyayensa su ne wata doguwar shinkafa ta Indunusiya da wata gajeruwa ta manoman Taiwan. Gajartar nan ita ce sirrin, domin doguwar shinkafa in ta sha taki sai ta yi ta tsawo ta kwanta cikin ruwa, ita kuwa gajera sai ta mayar da takin zangarniya. Jama'a suka rungumi sababbin irin, suka watsar da na gado, ƙasa guda ta koma kusan abu ɗaya. Ba a daɗe ba, a shekarun 1970, sai ga wani ɗan ƙwaro mai tsotson kara ya yaɗu, yana ɗauke da wata cuta da ke tsumburar da shinkafa ta koma kamar ciyawa ba ta fitar da kai. Da yake gonakin duk dangi ɗaya ne, abin da ya kayar da ta farko shi ya kayar da ta ƙarshe. Masana suka bi dubban irin da suka tara a ma'ajiyarsu ɗaya bayan ɗaya, ba su samu mai tsayawa cutar sosai ba sai a wata shinkafar daji da aka tsinto a Indiya, wadda ko kyauta aka ba manomi ba zai shuka ba. Jininta aka sa a sababbin iri, ciki har da IR36 da aka fitar a 1976. Da wanda ya tsinto ta ya raina ta ya wuce, da labari ya sha bamban.

Kada a ce wannan labarin nesa ne. A 1988 wani ƙwaro ya faɗa wa shinkafar fadama a yankin Abakaliki, irin ƙwaron nan da tsutsarsa ke shiga zuciyar shinkafa sai ka ga ganye ya naɗe ya zama bututu kamar ganyen albasa, kuma duk karan da ya yi haka ba zai haihu ba. Manoma da yawa sun tashi a tutar babu a shekarar. Mu ma nan muna ganinsa a fadama in damina ta yi nisa. Da aka shiga neman shinkafar da ƙwaron ba ya iya wa, mafi ƙarfinsu a cikin shinkafarmu ta gado ta Afirka aka same su, jar nan da muke rainawa.

Bari in ɗan tsaya a kan wannan jar shinkafa, domin yaran yanzu ba su san darajarta ba. Shinkafa iri biyu ce Allah ya hore wa ɗan Adam nomawa a duniya. Akwai ta Asiya, wadda ita ce fara da ta cika kasuwa, akwai kuma ta Afirka ta Yamma, wadda kakanninmu suka fara nomawa a fadamun Kogin Kwara can ƙasar Mali kimanin shekara 3,000 da suka wuce, tun kafin wani jirgin Bature ya kawo farar. Ita ce har gobe ake samu a wasu fadamun Sakkwato da Kebbi, wadda in ruwa ya ƙaru take ƙara tsawo tana binsa. Tana da aibinta, ba na ɓoyewa. Ba ta cika buhu kamar ta zamani, tana kwanciya, in ka yi jinkirin yanka kwana kaɗan sai ta kakkaɓe a ƙasa, kuma a injin tana karyewa. Amma tana tashi da ƙarfi ta rufe ƙasa ta danne ciyawa, tana haƙuri da gonar da ba taki, tana jure jan ruwan nan mai tsatsa da ke ƙona ganyen ta zamani a wasu fadamu, kuma cututtuka da ƙwarin ƙasar nan sun san ta ta san su. Tsofaffi suna cewa tuwonta yana riƙe ciki, mai noma ya ci da safe sai la'asar. Duk wanda ya yi noma da shi a ciki ya san ba ƙarya suka yi ba.

Wani masani ɗan ƙasar Saliyo, Dokta Monty Jones, shi ya ɗauki wahalar aurar da ta Afirka da ta Asiya a shekarun 1990, a cibiyar binciken shinkafa ta Afirka ta Yamma da ke kusa da Buwake a ƙasar Kwaddibuwa. Aikin ba sauƙi, domin dangin biyu sun yi nisa da juna, in an haɗa su 'ya'yan sai su fito ba ƙwaya, kamar yadda alfadari ba ya haihuwa. Sai da ya yi ta mayar da 'ya'yan ga ɓangaren ta Asiya yana sake aurarwa kafin ya samu masu haihuwa. Su ne ake kira NERICA, kuma saboda wannan aiki aka ba shi babbar kyautar abinci ta duniya a 2004. Ya rasu a 2024. A Nijeriya NERICA ta farko ita ce FARO 55, shinkafar tudu ce, sa'annan FARO 60 da 61 na fadama su ma NERICA ne. Wato wanda ya shuka waɗannan, jikokin jar shinkafar kakarsa ya shuka bai sani ba.

Haka kuma maganar ambaliya. Mun ga abin da ruwa ya yi a 2012, da wanda ya yi wa manoman Kebbi a 2020, da na 2022 wanda ya game ƙasa. Shinkafar zamani in ruwa ya shanye kanta kwana huɗu ko biyar, yawanci sai dai a yi haƙuri. A 2017 aka saki FARO 66 da FARO 67, waɗanda suke iya zama a ƙarƙashin ruwa har wajen mako biyu su farfaɗo in ya janye. Ina aka samo wannan hali? Daga wata tsohuwar shinkafar manoman jihar Odisha ta Indiya, mai ƙaramin amfani, wadda talakawan wurin suka riƙe saboda sun san fadamarsu. Masana suka gano ƙwayar halittar da ke sa ta yin lamo a cikin ruwa maimakon ta ƙarar da ƙarfinta wajen miƙewa, suka ɗauke ta suka sa wa FARO 52 da FARO 60. Yau shekaru ke nan da fitowarsu, amma ka shiga kasuwar ƙauye a ƙasarmu ka tambayi FARO 66, sai a dube ka kamar ka yi Faransanci.

To jama'a, in tsohuwar shinkafar wani ƙauye a Indiya ta ceci manomin Kebbi, wa ya san abin da ke cikin wadda tsofaffinmu suka riƙe a fadamun dajin nan? Wa ya taɓa zuwa ya auna? Akwai mai gashi a baki wadda tsuntsayen jan baki ba sa son sauka a kanta. Akwai mai nuna da wuri wadda ake yanka a ci tun kafin dawa ta fitar da kai, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Akwai wadda ake ajiyewa musamman don waina, da wadda in ana dafa ta maƙwabta sai sun sani saboda ƙanshi. Waɗansu ko suna ɗaya ba su da shi, kowane gari da yadda yake kiransu, yawanci da sunan wanda ya kawo su ko garin da aka samo su. Yanzu in ka tambaya sai a ce ai wane ne yake da ita, shi kuma wane ya rasu, ko yana Kaduna ko Funtuwa bai dawo ba.

Na ji an ce cibiyar Filifin tana ajiye da iri fiye da 130,000, ta Afirka kuma fiye da 20,000, sa'annan a Ibadan akwai hukumar tarayya mai ajiye irin shuke-shuken ƙasar nan a ɗakunan sanyi. Kuma su kansu masanan sun ɗanɗani abin da muka ɗanɗana. Yaƙin da ya ɓarke a Kwaddibuwa a 2002 ya kori ma'aikatan cibiyar Buwake, har suka koma Kwatano a Jamhuriyar Benin suka yi shekaru. Yaƙin Siriya ma ya raba wata cibiyar da ma'ajiyarta a Halab, sai a 2015 suka je can ƙasar Norway, inda aka haƙa rumbun iri na duniya a cikin dutsen ƙanƙara, suka karɓo ajiyar da suka kai tun da lafiya, suka sake shukawa. Su sun raba ajiyarsu gida biyu ko uku shi ya sa ba su tashi hannu wofi ba. Mu namu rumbun ɗaya ne, na laka da jinka, kuma ashana ɗaya ta ishe shi.

Sai maganar kyau, wadda a ganina a nan ne masu bincike da masu kamfani suka fi barin mu a baya. In an ce shinkafa mai kyau, kyau a wurin wa? Mai injin yana son doguwa wadda ba ta karyewa, wadda in ya zuba buhu 10 na shanshera zai fitar da kamar 6 na tsaba. Matar birni tana son fara tas wadda za ta dahu wara-wara don dafa-duka. Mai tuwon sayarwa a bakin tasha tana son mai laushi da danƙo wadda za ta tuƙu ba gudaji, kuma ta kwana ba ta saki ruwa ba. Mai waina tana son mai tashi. Mai gida da bakuna goma sha biyar ba ruwansa da tsawon ƙwaya, auki yake nema, tiya ɗaya ta cika tukunya. Matan da ke yin gumi kuwa, su da suke jiƙawa su turara su shanya, sun fi kowa sanin wadda take fashewa a tukunya da wadda take baƙi da wadda take shan itace. Malaman gona sun ce bambancin yana cikin sitacin ƙwayar ne, wani sitacin yana sa ta tsaya wara-wara, wani yana sa ta yi danƙo, kuma wannan ma gadonsa ake yi kamar tsawo da launi. Ashe ke nan iri ɗaya ba zai taɓa biya wa duka waɗannan mutane bukata ba. In aka ce duk ƙasa a koma wa wadda injin ke so, an zaɓi bakin mutumin birni an bar namu.

Kuma ko ta fuskar kuɗi, dogaro da mai saye ɗaya hatsari ne. A watan Yulin 2024 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, ciki har da shinkafar da ba a gama casa ba. A 2025 farashin shanshera ya faɗi, alhali taki da maganin feshi da man injin ban-ruwa ba su sauko yadda ta sauko ba. Mai saye a birni ya ji sauƙi, ba na yi masa baƙin ciki. Amma manomin da ya zuba kamfa da yuriya a irin da ba ya yi sai da taki, ya zo kaka dillalin kamfani ya yi masa tayin wulaƙanci, shi ya san yadda ya kwana. Wanda yake da ɗan ɓangare na 'yar gida kuwa, bai kashe mata komai ba sai ƙarfinsa, kuma masu tuwo da masu waina suna nan suna jiranta a kasuwar ƙauye kowane mako, ba ruwansu da abin da jirgin ruwa ya sauke a Legas.

Wata matsalar kuma ita ce ta suna. A kasuwa za ka ji Jamila, ka ji Sipi, ka ji Kilaki, ka ji 'Yar Das, ka ji Kwandala. Amma Jamilar wannan kasuwa ba lalle ba ne ta zama Jamilar waccan. Wani ma shansherar ci zai auna maka ya ce iri ne. An taɓa raba mana iri a wani shiri, ya iso bayan shuka ta wuce, da muka shuka kuma sai ga shi hawa uku a gona ɗaya, wata ta nuna tana zuba wata ko ciki ba ta yi ba. Wannan ba shi ne yawan iri da nake magana ba. Gauraye daban, ajiye iri iri-iri kowanne a buhunsa da sunansa daban. Hukumar kula da iri ta ƙasa ta fito da wata 'yar takarda da ake mannawa a jikin buhun iri na gaskiya, a kankare a tura lambar ta waya a tabbatar. Duk mai sayen irin kamfani ya nemi wannan takarda, in babu ya riƙe kuɗinsa.

Ga 'yan'uwana manoma, shawarata ita ce mu koma wa abin da iyayenmu suke yi wanda muka bari saboda gaggawa. Kafin a sa lauje, mai gona ya shiga da kansa da 'yar wuƙa, ya bar bakin gona ya nufi tsakiya, ya zaɓi zangarniyar da ta cika ta sunkuya, daga gindin da ya yi 'ya'ya da yawa, bai kwanta ba, ba tabon cuta a ganye ko a wuya, kuma ya nuna tare da 'yan'uwansa. Ya ɗaure su dami daban, a sussuke su daban a kan tabarma ko leda mai tsabta, kada a kai su masussukar da kowa ke bugu. Wanda ya fi sauran tsawo ko ya sha bamban a launi, a tuge shi tun yana fitar da kai. In kuwa baƙon ya burge ka, kada ka yar, ka ajiye shi daban ka gwada shi a kunya biyu baɗi, domin da yawa daga irin da muke taƙama da su haka wani mai ido ya tsinto su. Kafin shuka a ƙirga ƙwaya 100 a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, bayan mako a duba, in waɗanda suka tsira ba su kai 80 ba a nemi wani. Kuma mai fadama ya raba ta: inda ruwa ke kwanciya da zurfi a sa mai jure ruwa, gefen tudu a sa mai saurin nuna, tsakiya a sa ta kasuwa. A halin da muke ciki mai saurin nuna tana da wani amfanin da ba a rubuta a takardar kamfani ba, domin duk kwanan da amfani ya ƙara a daji, mai shi bai san wa zai riga shi yanka ba.

Daga ƙarshe ina kira ga Gwamnatin Jihar Kaduna, da hukumar bunƙasa aikin gona ta jiha wadda take da shiyya guda a nan Birnin Gwari, da cibiyar Badeggi, da masanan Samaru ta Zariya, da su turo mutane a kakar bana su bi kasuwanni da ƙauyuka, su Kuyello da Dogon Dawa da Randagi da Kakangi, har da unguwannin da 'yan gudun hijira suka zauna, su nemi tsofaffin irin da suka rage ko da cikin gwangwanin madara ne. A rubuta sunan kowanne da garinsa da abin da masu shi suka ce yana yi, a kai rabi ɗakin sanyi, a ninka rabi a dawo mana da shi. Tsofaffin mata za a fi tambaya, su ne masu ƙulle-ƙulle a ƙasan adaka. Haka kuma in za a kafa gonar gwaji, kada a kawo iri ɗaya a ce ga shi ku karɓa. A jera biyar ko shida, na zamani da na gida, har da FARO 66 da 67, a bar manoma su zaga su zaɓa, a kuma ba masu gumi da masu tuwo su dafa su faɗi nasu kafin a yanke hukunci. Ina kuma roƙon Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Mai Gwari na Biyu, da ya umarci hakimai da dagatai su sa a yi shela a masallatai da ranar kasuwa, duk mai sauran tsohon iri kada ya casa shi, ya kai wa mai unguwa tiya ɗaya a ajiye da sunansa.

Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka, amin.

Naku,
Wani manomi kuma ɗan tireda,
Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari,
Jihar Kaduna.